Yadda ake raba soket da cibiyoyin furosesa ga kwamfutar kwaikwayo

Duk wanda ya taɓa ƙirƙirar kwamfutar kwaikwayo, wato kwamfutar da manhaja take tayarwa a cikin wata kwamfuta ta gaske, a Proxmox, VMware ko virt-manager ya iso shafin da ake tambayarsa lambobi biyu, wato yawan soket da yawan cibiya, wani lokaci har da ta uku, yawan zare. Da yawa daga cikin masu kula da saba, wato babbar kwamfutar da take yi wa sauran hidima, a ofisoshi, makarantu da kantunan sari a nan Maradi suna cike waɗannan gurabu da lambar da ta fi cika musu ido, bisa zaton cewa soket huɗu sun fi soket ɗaya ƙarfi. Lissafin ba haka yake ba. Ƙarfin da baƙuwar kwamfuta, wato ta kwaikwayon, take samu shi ne sakamakon ninka lambobin, soket sau cibiya sau zare, saboda haka soket 4 masu cibiya ɗai-ɗai da soket 1 mai cibiya 4 duk furosesar aro huɗu suke bayarwa, kuma lokaci iri ɗaya mai masauki, wato injin gaske da yake ɗauke da baƙuwar, zai ware musu. Abin da rabon yake canzawa shi ne bayanin da ake ba babbar manhajar da ke cikin baƙuwar, kamar Windows ko Linux, game da siffar ƙarfen da take zaune a kai, kuma da wannan bayani take yanke shawarar inda za ta ɗora aiki, inda za ta ɗebi RAM, da yawan furosesar da lasisinta ya yarda ta taɓa.

Soket shi ne gurbin da ake dasa furosesa a jikin babban allon kwamfuta. Kwamfutar tebur da ta cinya soket ɗaya gare su, amma sabobin da suka fi yawa a hannun mutanenmu, irin su Dell PowerEdge R730 da HP ProLiant DL380 Gen9 da ake saye na hannu, soket biyu gare su. A cikin kowace furosesa akwai cibiyoyi, kuma kowace cibiya tana iya gudanar da aikinta ba tare da jiran ƴar uwarta ba. Zare kuwa dabara ce da Intel ya fito da ita kasuwa a 2002 da sunan Hyper-Threading, AMD ma yana da irinta, wadda take sa cibiya ɗaya ta bayyana ga babbar manhaja kamar furosesa biyu, domin idan aiki ɗaya ya tsaya jiran bayanai daga RAM, ɗayan ya yi amfani da sassan cibiyar da suke zaune haka nan. Zare biyu suna ƙara yawan aikin da cibiya take gamawa, amma ba sa ninka shi, domin ƙarfen guda ne.

Ita furosesar aro, wadda manhajoji suke rubutawa vCPU, ba wani yanki ba ne da aka yanke daga ƙarfen aka miƙa wa baƙuwa. A KVM, manhajar tafiyar da baƙi wadda ta shiga Linux tun sigar 2.6.20 a 2007 kuma a kanta Proxmox take tafiya, kowace furosesar aro aiki ce kawai a cikin ayyukan da mai masauki yake jerawa, tana jiran layi kamar sauran, kuma ana iya ɗora ta a kan wannan zare yanzu, a mayar da ita wancan bayan ɗan lokaci. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin kusan duk shawarwarin da ke tafe.

A fara da sanin mai masauki

Kafin a rubuta ko lamba ɗaya a saitin baƙuwa, sai an san siffar injin da za ta zauna a kai. A mai masauki na Linux, har da Proxmox, waɗannan umarni uku sun isa:

```
lscpu
lscpu -e
numactl --hardware
```

Na farko yana faɗin yawan soket, cibiya nawa ke cikin kowane soket, zare nawa ke cikin kowace cibiya, da yawan shiyyoyin NUMA, waɗanda bayaninsu yake tafe. Na biyu yana jera kowace furosesa da lambarta, tare da cibiya, soket da shiyyar da take ciki. Na uku yana nuna RAM ɗin da kowace shiyya take da shi, kuma sau da yawa sai an girka kunshin numactl kafin ya yi aiki. Idan injin yana magana da Faransanci kuma ana son sakamakon ya yi daidai da abin da ke cikin littattafan jagora, sai a sa `LC_ALL=C` a gaban umarnin.

A ɗauki misalin saba mai Xeon E5-2680 v4 guda biyu da RAM na gigabait 128. Kowace furosesa tana da cibiya 14 da zare 28, don haka `lscpu` zai ce furosesa 56 ne. Lambar da za a yi lissafi da ita ita ce 28, yawan cibiyoyi na gaske, sannan lambar da ta fi ta muhimmanci ita ce 14, yawan cibiyoyin shiyya ɗaya.

Batun shiyya yana bukatar a ɗan tsaya a kansa, domin shi ne asalin dalilin da ya sa tambayar soket take da ma'ana. Tun daga Opteron na AMD a 2003 da Nehalem na Intel a 2008, mai kula da RAM ya koma cikin furosesa kanta, ma'ana kowane soket yana da nasa sandunan RAM da suke haɗe da shi kai tsaye. Cibiyar da ke soket na farko tana iya karanta RAM na soket na biyu, amma sai ta bi ta hanyar da ta haɗa furosesocin biyu, wadda Intel ya kira QPI, daga baya UPI, kuma wannan zagaye yana ƙara jinkiri, yana kuma da iyakar abin da zai iya ɗauka a lokaci guda. Kamar mai ɗibar gero ne daga rumbun gidansa da mai zuwa rumbun maƙwabci a duk lokacin da za a ɗora tukunya: duka biyu za su ci tuwo, amma ba a lokaci ɗaya ba. Wannan tsari shi ake kira NUMA, kuma soket ɗin da RAM ɗinsa su ne shiyya. Shiyya ba kullum take daidai da soket ba. EPYC na farko da AMD ya fitar a 2017 yana da shiyyoyi huɗu a cikin soket guda, kuma sababbin furosesocin saba na kamfanonin biyu suna bari a raba soket ɗaya zuwa shiyyoyi daga cikin BIOS. Shi ya sa ake dogaro da abin da `numactl` ya nuna, ba da ƙirga furosesa da ido ba.

Akwai abubuwa biyu da suke yawan fitowa a sabobin hannu. Wani lokaci wanda ya sayar ya tattara sandunan RAM duka a gefen furosesa ɗaya, sai a ga shiyya ta farko tana da gigabait 128, ta biyu kuma ba ta da komai, wanda ke nufin cibiyoyi 14 kullum suna ɗibar RAM daga nesa. Maganin wannan a buɗe injin ne a raba sandunan daidai bisa zanen da ke jikin murfin, babu saitin baƙuwa da zai gyara shi. Wani lokaci kuma injin mai soket biyu yana nuna shiyya ɗaya tak, kuma galibi dalilin shi ne an kunna `Node Interleaving` a BIOS, wanda yake ɓoye shiyyoyin ga babbar manhaja. Ga saba mai ɗaukar baƙi, a kashe shi.

Furosesar aro nawa

Shawarata a nan ita ce a fara da kaɗan. Sabar fayiloli, sabar DNS, ƙaramin shafin intanet na makaranta, ko manhajar lissafin kaya ta shago mai ma'aikata goma, duk furosesar aro biyu sukan ishe su da farko. Windows 11 ba ta yarda a girka ta da ƙasa da cibiya biyu, kuma ta fi sakewa da huɗu. Rumbun bayanai mai jama'a da yawa ana iya fara masa da huɗu, a duba yadda yake yi na mako ɗaya ko biyu, sannan a ƙara idan ma'auni ya nuna bukata. Ƙari aikin ƴan mintuna ne.

Dalilin wannan tsumulmula shi ne furosesar aro da ta wuce bukata tana da tsada ko da ba ta aikin komai. Babbar manhajar baƙuwa ta ɗauka cewa duk furosesocinta suna gudana tare a kowane lokaci. Idan ɗaya ta riƙe makullin wani bayani da sauran suke bukata, sai kuma mai masauki ya sauke ta daga kan ƙarfen domin ya ba wata baƙuwa dama, sauran za su ci gaba da juyawa suna jiran makullin da mai riƙe da shi ba ya ma gudana, kuma lokacin da suke ƙonawa a wannan jira daga rabon sauran baƙi ake cire shi. Yawan furosesocin baƙuwa yana ƙara yawan faruwar haka. A kan saba mai cunkoso, baƙuwa mai furosesar aro 16 tana iya gama aiki a bayan mai 4.

Ba laifi ba ne jimillar furosesocin aro na duk baƙi ta wuce cibiyoyin mai masauki, domin baƙi ba sa yin aiki tuƙuru a lokaci ɗaya, kuma wannan rabon shi ne ribar tara kwamfutoci a inji guda. Abin da ba a yi shi ne a ba baƙuwa ɗaya fiye da abin da injin yake da shi, kuma Proxmox ma ba ta yarda ta tayar da irin wannan baƙuwa. Ni ina ƙara wa kaina sharaɗi: kada baƙuwa ɗaya ta wuce yawan cibiyoyi na gaske, kuma a bar wa mai masauki cibiya ɗaya ko biyu, domin shi ke ɗauke da aikin faifai da na sadarwa, balle idan yana tafiyar da ZFS ko Ceph. Ana yawan yaɗa wasu lambobi na cewa furosesar aro kaza ga kowace cibiya, amma ban ga amfanin riƙe su ba, tunda nauyin baƙi ya bambanta. Ma'auni ya fi su, kuma za a zo kansa.

Soket ɗaya, sai in da dalili

Idan furosesocin baƙuwa da RAM ɗinta za su shiga cikin shiyya ɗaya ta mai masauki, a ba ta soket 1, a zuba sauran lambar a cibiyoyi. A misalinmu, duk baƙuwar da ba ta wuce furosesar aro 14 da RAM ƙasa da gigabait 64 ba, soket ɗaya ya dace da ita, kuma kusan duk baƙin da ake tayarwa a ofisoshinmu a wannan aji suke. Babbar manhajar baƙuwa za ta ɗauka cewa cibiyoyinta suna tarayya a ma'ajiyar kusa, wato cache, ta furosesa guda, za ta riƙa matsar da ayyuka tsakaninsu ba tare da fargaba ba, kuma hakan ya yi daidai da abin da ke faruwa a ƙarfen matuƙar mai masauki ya riƙe ta a shiyya ɗaya.

Dalili na biyu na fifita soket ɗaya ya fi na farko zafi, domin kuɗi yake ci kai tsaye, kuma shi ne lasisi. Windows 10 da 11 na gida, wato Home, soket ɗaya kawai suke amfani da shi, Pro soket biyu, Pro for Workstations kuma huɗu. Idan aka ba Windows 11 Pro soket 8 masu cibiya ɗai-ɗai, biyu za ta ɗauka ta yi watsi da shida, ba tare da ta yi wani gargaɗi ba. Alamar wannan matsala sananniya ce: jerin na'urori yana nuna furosesa takwas, amma Gestionnaire des tâches, wato Task Manager, yana nuna biyu. SQL Server ma haka yake. A sigogin 2019 da 2022, Express yana tsayawa a soket 1 ko cibiya 4, duk wanda ya fi ƙanƙanta, Standard kuma a soket 4 ko cibiya 24. Manhajojin lissafin kuɗi da na kaya da yawa suna zuwa da Express a ƙarƙashinsu, saboda haka baƙuwa mai soket 4 da cibiya ɗai-ɗai za ta bar rumbun bayanan yana tafiya da furosesa ɗaya rak, mai shago yana ƙorafin nauyi, mai gyara kuma yana ƙara RAM a banza. Sauya lambobin zuwa soket 1 da cibiya 4 yana ninka abin da rumbun yake iya amfani da shi sau huɗu ba tare da an kashe ko dala ba. Windows Server daban take, domin tun 2016 ana lissafa lasisinta ne da cibiyoyi na gaske na mai masauki, aƙalla 8 ga kowace furosesa da 16 ga kowace saba, don haka siffar baƙuwa ba ta rage ko ƙara kuɗin.

Wannan tarko ya fi kama masu amfani da libvirt, wadda a kanta virt-manager yake tafiya, domin idan ba a fayyace siffa ba, tana ba kowace furosesar aro nata soket. QEMU, manhajar da take gudanar da baƙuwar tare da KVM, ita kanta haka take yi kafin sigar 6.2 ta ƙarshen 2021, wadda daga ita ta koma fifita cibiyoyi. Bai kamata a bar wannan ga zaɓin manhaja ba. A rubuta lambobin da hannu.

Soket biyu suna shigowa ne idan baƙuwa ta fi ƙarfin shiyya ɗaya, ko ta wajen furosesa ko ta wajen RAM. Baƙuwa mai bukatar furosesar aro 20 a kan injinmu dole ta ratsa shiyyoyi biyu, kuma abin da ya dace shi ne a gaya mata gaskiya: soket 2, cibiya 10 kowanne, a kunna mata NUMA, a raba RAM ɗinta biyu daidai. Da haka Linux ko Windows Server da ke ciki za su yi ƙoƙarin ajiye kowane aiki kusa da RAM ɗinsa, kuma SQL Server da PostgreSQL suna cin ribar hakan. Idan aka ba ta soket 1 mai cibiya 20, za ta tashi lafiya, amma an nuna mata furosesar da babu irinta a injin, kuma za ta riƙa watsa aiki tsakanin shiyyoyi ba tare da sanin cewa tana biyan kuɗin zagaye ba. Haka kuma baƙuwa mai furosesar aro 8 kacal amma da RAM na gigabait 96 ta wuce shiyya mai 64, sai a yi mata soket 2 da cibiya 4. A kiyaye kada lambar ta zama wadda ba ta rabuwa daidai tsakanin shiyyoyi, kuma kada yawan soket na baƙuwa ya wuce yawan shiyyoyin mai masauki. Kafin duk wannan, yana da kyau a tambayi kai ko baƙuwar za ta iya rayuwa da 14 ko 12, domin zama a shiyya ɗaya ya fi sauƙin kulawa.

Inda ake rubuta lambobin

A Proxmox ana shiga baƙuwar, a buɗe `Hardware`, sannan `Processors`, ko kuma a yi daga layin umarni, inda 101 da 102 suke lambobin baƙi:

```
qm set 101 --sockets 1 --cores 4
qm set 102 --sockets 2 --cores 10 --numa 1
```

Proxmox ba ta da gurbin zare, kowace furosesar aro cibiya ce a idon baƙuwa, kuma ga yawancin ayyuka hakan ya wadatar. Gurbin `vCPUs` da ke ƙarƙashin `Advanced` na masu son tayar da baƙuwa da ƙasa da jimillar ne domin su ƙara daga baya tana cikin aiki; wanda ba ya bukatar haka ya bar shi yadda ya same shi. A wannan shafi akwai kuma nau'in furosesa, wanda bai kamata a tsallake ba. Zaɓin `host` yana nuna wa baƙuwa duk iyawar furosesa ta gaske, kuma shi ya fi dacewa ga mai saba ɗaya ko sabobi iri ɗaya sak. Mai sabobi mabambanta da yake son ƙaurar da baƙi tsakaninsu suna cikin aiki sai ya zaɓi nau'in da duka za su iya ɗauka. Tun Proxmox VE 8 ta 2023, sababbin baƙi suna zuwa da `x86-64-v2-AES`, amma waɗanda aka ƙirƙira a da suna kan `kvm64`, kuma a kansa RHEL 9, AlmaLinux 9 da Rocky Linux 9 ba sa tashi, domin suna bukatar matakin x86-64-v2.

A libvirt ana buɗe bayanin baƙuwa da `virsh edit` da sunanta, a gyara waɗannan layuka:

```
<vcpu placement='static'>4</vcpu>
<cpu mode='host-passthrough'>
  <topology sockets='1' cores='4' threads='1'/>
</cpu>
```

Dole ninkin lambobin uku ya yi daidai da lambar da ke cikin `vcpu`, in ba haka ba libvirt za ta ƙi karɓar gyaran. Mai kiran QEMU kai tsaye yana rubuta `-smp 4,sockets=1,cores=4,threads=1`.

A VMware ESXi ana rubuta jimillar furosesoci ne tukuna, sannan `Cores per Socket`, ita kuma ta lissafa yawan soket. Tana nuna wa baƙuwa shiyyoyin NUMA da kanta idan furosesocin aro sun wuce 8, kuma tun vSphere 6.5 ta raba wannan lissafi da lambar cibiya a kowane soket, sannan vSphere 8 ta zo da zaɓin barin manhajar ta tsara siffar da kanta. Duk da haka lambar tana nan tana tasiri ga lasisi da yadda baƙuwa take ganin ma'ajiyar kusa. Abin lura ga masu tsofaffin sigogi shi ne kunna `CPU Hot Add` yana kashe nuna shiyyoyi ga baƙuwa, don haka babbar baƙuwa ba a kunna mata shi don kawai wataƙila a bukace shi wata rana.

Hyper-V da VirtualBox jimilla kawai suke tambaya: `Set-VMProcessor -VMName lissafi -Count 4` a ta farko, `VBoxManage modifyvm lissafi --cpus 4` a ta biyu. A Hyper-V, baƙuwar da aka kunna wa `Dynamic Memory` ba ta ganin shiyyoyi. Ɗalibin da yake gwaji da VirtualBox a kwamfutar cinya mai cibiya huɗu, biyu sun ishe shi, domin Windows ɗinsa ma tana bukatar numfashi.

Ko wace manhaja ce, sauyin siffa ba ya kamawa sai an kashe baƙuwar gaba ɗaya an sake kunna ta. Sake tayar da ita daga cikinta bai isa ba, domin aikin da yake riƙe da ita a mai masauki bai mutu ba, kuma da tsohuwar siffa zai ci gaba.

Zare da ɗaurewa

Ana barin zare a 1 sai idan za a ɗaure furosesocin aro a kan takamaiman zaruruwan ƙarfe. Idan aka gaya wa baƙuwa cewa furosesocinta na 0 da 1 tagwaye ne a cibiya ɗaya, alhali mai masauki yana yawo da su ko'ina, za ta riƙa kauce wa haɗa ayyuka masu nauyi a kansu saboda wani dalili da ba ya nan. Ɗaurewa kuwa ta dace da baƙi ƙalilan, irin su sabar kiran waya ta intanet ko rumbun bayanan da ba ya jure jinkiri. Da farko a nemo tagwayen zaruruwa na gaske:

```
cat /sys/devices/system/cpu/cpu2/topology/thread_siblings_list
```

A injin misalinmu amsar za ta zama `2,30`, ta furosesa ta 4 kuma `4,32`. Kada a yi hasashen waɗannan lambobi, domin kamfanoni sun bambanta a yadda suke jera su: a wasu sabobi shiyya ta farko ita ce 0 zuwa 13 da 28 zuwa 41, a wasu kuma lambobi suna tsallake ɗaya-ɗaya tsakanin shiyyoyin biyu. Bayan an tabbatar, sai a sa `cores='2' threads='2'` a siffa, a ƙara wannan:

```
<cputune>
  <vcpupin vcpu='0' cpuset='2'/>
  <vcpupin vcpu='1' cpuset='30'/>
  <vcpupin vcpu='2' cpuset='4'/>
  <vcpupin vcpu='3' cpuset='32'/>
</cputune>
<numatune>
  <memory mode='strict' nodeset='0'/>
</numatune>
```

Sashen `numatune` yana tilasta RAM ɗin baƙuwar ya fito daga shiyyar da aka ɗaure ta, wanda in babu shi rabin amfanin ya tafi. A furosesar AMD ana ƙara `<feature policy='require' name='topoext'/>` a cikin `cpu` domin baƙuwa ta ga zaruruwan daidai. Ɗaurewa tana hana baƙuwar barin wurin ne kawai, ba ta hana wasu baƙi shigowa, saboda haka sai an kange sauran su ma. A Proxmox kwatankwacin wannan shi ne `--affinity`, kuma ya fi amfani a kwamfutocin tebur masu Intel na ƙarni na 12 zuwa sama, waɗanda suke haɗa cibiyoyi masu ƙarfi da masu tsimin wuta a furosesa guda, domin a tsare muhimmiyar baƙuwa a kan masu ƙarfin. Wanda burinsa kawai ya hana wata baƙuwa cinye injin, `--cpulimit` ya fi masa sauƙi, inda 2 yake nufin lokacin cibiya biyu komai yawan furosesocin da take gani.

A duba daga ciki, a auna

Bayan baƙuwa ta tashi, a shiga cikinta a ga abin da ita take gani. A Linux `lscpu` ne dai da `numactl --hardware`. A Windows, shafin furosesa na Gestionnaire des tâches yana nuna yawan soket da furosesocin aro, a PowerShell kuma `Get-CimInstance Win32_Processor` yana fito da bayani ɗaya ga kowane soket, tare da `NumberOfCores`. Mai SQL Server ya duba `sys.dm_os_schedulers`: duk layin da ya ce `VISIBLE OFFLINE` furosesa ce da rumbun yake gani amma ba ya amfani da ita.

Ma'aunin da yake faɗin ko a ƙara ko a rage shi ne lokacin jira. A baƙuwar Linux da ke kan KVM, lambar `st` a `top` ko `vmstat` tana nuna kashin lokacin da furosesar aro take shirye ta yi aiki amma mai masauki bai ba ta ƙarfe ba. A ESXi ana duba `%RDY` da `%CSTP` a `esxtop`. Idan furosesocin baƙuwa suna cike kuma jira ya yi ƙasa, ƙari zai taimaka mata. Idan jira yana sama, injin ne ya cunkushe, kuma ƙara mata furosesa zai tsananta lamarin. Sai a rage wa baƙin da aka ba fiye da bukatarsu, ko a kwashe wasu zuwa wata saba. A yi awon a lokacin da aiki ya fi yawa, kamar ƙarshen wata a ofishin albashi ko ranar rajistar ɗalibai, domin awon tsakar dare ba ya nuna komai.

Yanayin garinmu yana shiga cikin wannan awo ta hanyoyi biyu. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, saba da ke ɗaki marar sanyaya, wadda ƙurar hunturu ta riga ta toshe mata hanyoyin iska, tana rage gudun furosesarta da kanta domin kada ta ƙone, kuma baƙi duka za su yi nauyi ba tare da `st` ya motsa sosai ba. Kafin a taɓa lambar cibiya a irin wannan lokaci, a duba zafin injin ta shafin kula da saba, iDRAC na Dell ko iLO na HP, ko umarnin `sensors`, a kuma busa ƙurar. Na biyu shi ne ɗaukewar kuran. Lissafin cewa baƙi ba sa aiki tuƙuru a lokaci ɗaya yana rushewa a daidai lokacin da wuta ta dawo, domin duk suna tashi tare, kowace tana neman furosesa da faifai. A Proxmox ana jera su da umarni irin `qm set 101 --onboot 1 --startup order=1,up=60`, wanda yake tayar da 101 da farko, ya jira daƙiƙa 60 kafin ya taɓa ta gaba. Sabar DNS da rumbun bayanai su ake ba lambobin farko, manhajojin da suka dogara da su su biyo baya, baƙin gwaji kuma a cire musu `onboot` gaba ɗaya a riƙa kunna su da hannu.